Na Je Yawunde Neman Sunana

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A ofis a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har matar da nake sayen kayan miya a wurinta a kasuwar Birnin Kudu sai da ta ce, "Dakta, wai da gaske kin je ƙasar waje kin yi wa Bature tsawa?" Ban yi wa kowa tsawa ba. Amma tunda labarin ya yi ƙafa yana yawo ba da sanina ba, gara in ba da shi da kaina, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wanda zai ce na yi wauta ya bari sai ya ji ƙarshe.

Ni malamar jami'a ce, fannin gandun daji na karanta. A Birnin Kudu nake aure, amma asalina 'yar Kwandiko ce ta ƙasar Gwaram, gidan shanu, irin Fulanin nan da Fulatancinsu ya tsaya a bakin kakanni. Akwai daji a bayan garinmu inda na tashi ina bin 'yan'uwana tsinkar kanya. Shi ne wasu masu bincike na Turai suka zo suna son yin taswirarsa da na'urar rada. Tauraron ɗan'adam ne yake wucewa ta sama, ya aiko da wani abu da ido ba ya gani, ya bugi ƙasa ya koma masa. Inda rassa suka yi yawa abin yakan koma da ƙarfi, inda babu ya koma da rauni, kuma girgije ba ya tare shi. Sai dai na'urar ba ta san madaci daga marke ba. Dole a samu mutum ya shiga da ƙafa ya auna kaurin bishiyoyi, domin a gwada da abin da ta gani daga sama.

Ni ce wannan mutumin. Na yi shekaru ina shiga dajin nan, rani da damina, tare da Baffa Buba, ƙanen mahaifina, wanda ya ce ba zai bar 'yar wansa ta yi ta yawo a daji ita kaɗai ba. Shi yake riƙe mini bakin tef ɗin awo, ni in zagaya bishiya in karanta. Ƙaya ta ci zannuwana, kaska ta ci ni. Farfesa, shugaban sashenmu kuma malamina tun ina ɗaliba, sau ɗaya ya je wurin, a mota, aka ɗauke shi hoto a gindin wani kawo.

Da aiki ya kammala sai aka yi taro ta kwamfuta da shugaban Turawan, wanda zan kira Dakta Yan. Muna zaune da Farfesa a ofishinsa, Baturen ya tambaya wa ya yi aikin awo, domin a san sunayen da za a sa a kan maƙala. Na ce, "Ai aikin Farfesa ne, ni hannu kawai na sa." Duk wanda aka yi wa tarbiyya a gida haka zai ce, kuma ban ga laifina ba har yau. Maganar nan rabi ce. Sauran rabin a bakin babba yake, shi zai ce, "A'a, ita ta yi komai, ni ido kawai na sa." Na jira rabin nan. Farfesa ya yi murmushi ya gyara hularsa. Bature kuwa bai san ana yin magana rabi ba, ya rubuta abin da ya ji.

Daga ranar saƙonnin aikin suka daina zuwa mini. Bayan watanni na tambayi Farfesa, ya ce mujalla ta karɓi maƙalar, za ma a gabatar da ita a wani babban taro a Yawunde. "An gode miki a ƙarshe," in ji shi, "ke da direba."

Na wuce laburare wurin Malam Sabo. Malam Sabo binciken ambato yake yi, wato bin diddigin wa ya ambaci aikin wa a maƙalarsa, sau nawa. Da wannan ake auna malamin jami'a yanzu, da shi ake ƙarin girma. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce, "Dakta Hadiza, godiya ba ta shiga lissafi. Maƙalar nan da Turawa a ciki, duniya za ta yi ta ambatonta, kowane ambato kuma na wanda sunansa ke sama ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Na ce masa wannan kurar za ta je Yawunde.

Ba a gayyace ni ba, saboda haka babu maganar jirgin sama. Maigidana ya dube ni ya ce, "In kin zauna ma ba za ki bar kowa ya sha ruwa a gidan nan ba. Je ki." Ya haɗa ni da gwaggonsa, Hajiya Dudu, mai fataucin turare zuwa Garwa. Kafin tafiya na biya Kwandiko na yi sallama. Baffa Buba bai gane yadda suna yake ɓata a takarda ba, amma ya gane an ci mini haƙƙi. Ya ce, "Je ki samo shi, Dije. Zuwa da kai ya fi aike."

Ƙarshen damina ne muka tashi. Muka bi ta Gwaram da Basirka muka faɗa ƙasar Bauchi, daga Darazo sai Dukku, sai Gombe. Hajiya Dudu mace ce mai jiki da murya, kuma babu direban da ba ta san uwarsa ba a hanyar nan. Ita ta zaɓa mana kujera, ita ta sa aka sauke wani buhun albasa daga kan ƙafata. Wajen Dukku mota ta faɗa wani rami, sai kwalbar humrarta ta fashe a kan jakar da na sa kayan da zan shiga taro da su. Na kusa kuka. Hajiya ko a jikinta, ta ce, "To ai kin huta, duk inda kika shiga za a san kin iso." Tun daga nan har Yawunde ƙamshin amarya nake yi, maza suna matsa mini a mota suna yi mini Allah ya sanya alheri.

A Jimeta muka kwana gidan wata abokiyar cinikinta, kashegari muka bi ta Fufore zuwa Gurin, inda kogi ya raba mu da Kamaru. Ban taɓa shiga kwalekwale ba. Ga babura an ɗora a ciki, ga awaki, ga ruwa yana leƙowa ta gefe. Na rungume kwamfutata a ƙirji na karanta duk addu'ar da na sani, Hajiya kuwa ciniki take yi da wata mata a tsakiyar kogi.

A wancan ƙetaren wani jami'i ya dubi fuskata ya gaishe ni da Fulatanci. Na amsa da "jam", don ita kaɗai na gada. Sai ya ci gaba da zuba, na tsaya ina kallonsa. Ya juya Hausa yana dariya, "Kai, wannan Bafulatanar takarda ce." A can kowa Fulatanci yake yi, har wanda ba Bafulatani ba, ni da nake da kakanni a ruga ina neman tafinta. Na ji kunya ƙwarai.

Ya tambayi abin da zai kai ni Yawunde, na ce taro. Ya ce ina takardar gayyata. Kafin in buɗe baki Hajiya ta shiga gabana ta ce, "Rabu da ita, 'yar ɗaukar mini kaya ce." Ta yi haka ne don ta sauƙaƙa mini, na sani. Amma raina ya ɓaci, domin irin wannan shirun ne ya jawo mini tafiyar tun farko. Na ce, "A'a, Hajiya, ki yi haƙuri. Ni ba 'yar ɗaukar kaya ba ce. Malamar jami'a ce ni, na yi aiki an ajiye sunana a inda bai dace ba, zan je in ɗauko." Jami'in ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa da Faransanci, suka yi ta dariya. Sannan ya buga hatimi ya ce in na samo in biyo in nuna masa. Hajiya ba ta yi mini magana ba sai da muka kusa Garwa, inda ta ce, "Ke bakinki zai kai ki kurkuku wata rana."

Zafin Garwa ya fi na Birnin Kudu a bazara. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a waje, kowa ya saƙale shi a hammata yana tafiya ba ko leda. A nan muka rabu da Hajiya. Ta ba ni sunan wata Hajiya Asta a unguwar Hausawa ta Yawunde, ta cusa mini kilishi a jaka, ta ce in rage faɗa.

Daga Garwa mota ta hau da ni tudu har Ngaundere, inda ake shiga jirgin ƙasa. A ɗakin mata na jirgin na haɗu da Aminatu, Bahaushiyar Ngaundere, ita ma malamar jami'a. Da ta ji ƙamshin humra ta ce, "Amarya, ina ango?" Da haka muka saba. Ita bincikenta a kan fina-finai ne, kuma tambaya ɗaya take bi: fim na wane ne? Na wanda ya rubuta labarin, ko na mai ba da umarni, ko na wanda ya zuba jari, ko na jarumin da aka liƙa fuskarsa a fosta? Ta ce 'yan kallo da sunan jarumi suke kiran fim, marubuci kuwa sai can ƙarshe ake nuna sunansa, lokacin da kowa ya tashi yana neman takalminsa. Na ce to ni ce marubucin nan, na kwashe labarina na ba ta.

Ta ce, "Amma fa ba kowa ke kukan a sa sunansa ba. Na yi hira da wani mai ba da umarni, wanda mai jari ya yanke masa fim ya sauya ƙarshensa. Mutumin nan har durƙusawa ya yi a cire sunansa."

Na ce, "Wannan ai sakarai ne. Ya sha wahala sannan ya bar musu?"

"Haka na ce masa. Ya ce suna sa hannu ne. Duk abin da ke ƙarƙashinsa ka yarda da shi ke nan."

Na ce ni dai a ba ni nawa, na buɗe kilishin Hajiya Dudu muka ci. Da gari ya waye na leƙa taga na ga abin da mutanen kudu suke kira daji, bishiya kan bishiya, ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama. Na gane dalilin da wanda ya saba da wannan zai dubi namu ya ga kamar ba komai.

Yawunde gari ne na hawa da sauka, kuma ruwa muka tarar ana yi. Tasinsu ba a tsayar da ita a shiga. Sai ta rage gudu, ka leƙa ka faɗi unguwar da za ka, in direba ya yarda ya danna hon, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba. Ni da na saba da gaisuwa, ina cikin "sannu da aiki" mota ta yi gaba. Sai da Aminatu ta tsaya ta yi mini ihun sunan unguwar sannan na samu.

Hajiya Asta ta karɓe ni kamar ta haife ni. Hausarsu a can rabi Faransanci ce, amma tuwon bai sauya ba, ga masu tsire a kowane lungu kamar kana Gwaram ranar kasuwa. Ta ce sai na ɗanɗana abincin ƙasar. Aka kawo miyar shuwaka da gyaɗa, wadda suke kira ndole, da wani rogo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare. Miyar ta yi mini daɗi. Rogon kuwa na fara cinsa da ganyen, yaran gida suka fashe da dariya, Hajiya ta kore su tana danne tata.

A wani babban otal aka yi taron. Tunda ba ni cikin waɗanda aka gayyata, kowa da sunansa bugagge a ƙirji, ni da alƙalami aka rubuta mini nawa. Wani dattijo Bafaranshe ya nufo ni da fuska zai manna kumatunsa a nawa, wai gaisuwa ce, na ja da baya na taka ƙafar mai rabon shayi. Amma abin da ya fi ba ni mamaki wata yarinya ce, ɗaliba, da ta miƙe a gaban jama'a ta kira malaminta mai furfura da sunansa gatsau, ta ce lissafinsa ba daidai ba ne. Na jira a ce ta fita. Sai ya ce ya gode. Ban ce al'adarsu ta fi tamu ba, don ni har gobe ba zan iya kiran malamina da suna ba. Na dai lura cewa a wurinsu abin da ka faɗa shi ne abin da ka faɗa, babu mai ƙarasa maka.

Farfesa ya hango ni a lokacin shayi, ya ajiye kofinsa. "Hadiza? Ke da wa? Ta ina?"

"Ta ruwa, ranka ya daɗe," na ce, na rusuna na gaishe shi yadda na saba.

Bayan azahar Dakta Yan ya hau ya gabatar da maƙalar. Aka haska taswirar dajinmu a bango, na gane kowane lungu nata, ga rafin, ga hanyar Fagam. Sai na ga an zuba mata ja. Ja a gefen titi, wannan na san shi, masu gawayi ne da injin yanka, sun kwantar da bishiyoyi har gindi. Amma ja ya fi yawa a ciki, daidai inda rugagenmu suke kiwo. Dakta Yan ya ce rada ta nuna daji yana ƙarewa shekara bayan shekara a wuraren da makiyaya suke, don haka shawararsu ita ce hukuma ta hana kiwo a ciki. Ban taɓa ganin wannan sashe na maƙalar ba, tunda an daina aiko mini da komai.

Na san abin da na'urar ta gani. A bazara, in ciyawa ta ƙare, mutanenmu sukan hau madaci da kawo da madobiya su sassaro rassa shanu su ci ganye. Baffa yakan ce aski ake yi mata. Ba a taɓa reshen ƙoli, ba a kuma komawa kan bishiyar da aka yi wa bana sai ta huta ta mayar da rassanta. Kowane gida ya san nasa bishiyoyin. Su kuwa Turawan hotunan rani kawai suka ɗauka, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rikita rada. Duk inda rassa suka ragu sai a sa ja, kuma an tsara lissafin yadda ja ba ya komawa kore. Bana a yi aski a nan, baɗi a can, ja yana ta taruwa, bishiyoyin kuwa suna nan tsaye. Da tef ɗina na zagaya su.

Da aka ba da damar tambaya na miƙe. Na faɗi sunana, na ce ni na yi awon da aka dogara da shi, kuma a dajin aka haife ni. Na bayyana askin nan. Na ce a raba jan gefen titi da jan cikin daji, domin ɗaya kututture ne ɗaya bishiya ce mai rai. Ban ɗaga murya ba, duk wanda ya ce na yi tsawa ƙarya yake yi. Dakta Yan ya ce bayani ne mai ban sha'awa, amma rassa sun ragu ko ba su ragu ba? Na ce sun ragu. Ya ce to abin da na'ura ta auna ke nan. Mai kula da lokaci ya kaɗa ƙararrawa, aka wuce ga na gaba.

Bayan an tashi shi ya neme ni da kansa, Farfesa na biye da shi. Ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa. Ya ce bai san ni na yi awon ba, ni da bakina na ce masa na Farfesa ne. Ya ba ni haƙuri. Ya ce maƙalar ba ta fito ba tukuna, zai rubuta wa mujallar a gyara jerin sunaye, a sa ni ta biyu, gaban Farfesa ma.

Wallahi na ji daɗi. Abin da na ƙetare kogi dominsa ke nan, ga shi an miƙo mini a tsaye, ko zama ban yi ba. Na tuna Malam Sabo da lissafinsa, na tuna takardun ƙarin girmana da suke jira. Na ce na gode, sannan na tambaya ko za a gyara maganar makiyayan.

Ya ce wannan ba zai yiwu ba. An riga an tantance maƙalar, in aka taɓa sakamako sai an koma farko, masu ɗaukar nauyin aikin kuma suna jira. In ina da ja, in rubuta tawa daga baya. Sai ya ƙara da cewa, yana murmushi, "Sunanki ma zai ƙara mata ƙarfi. Hukumarku za ta fi yarda in ta ga 'yar wurin a ciki."

Nan na gane. Da ɗan gari akan ci gari. Na hango jami'in gandun daji ya tsaya a ƙofar rugar Baffa da takarda a hannu, yana cewa ku kwashe shanunku, ba mu muka faɗa ba, ga sunan 'yarku nan. Na tuna sakaran nan na Aminatu da na yi wa dariya a jirgi.

Na ce, "To kada a sa."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Na ce, "Kada a sa ni a sama. Kuma ina roƙo a cire ni daga godiyar ma. Wannan karon abin da na faɗa shi nake nufi, babu sauran rabi."

Farfesa ya juya Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Hadiza, kina da hankali kuwa? Kin san abin da kike zubarwa? Mutane nawa ne a sashenmu suka taɓa samun irin wannan? Ki karɓa, daga baya kya yi gyaranki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka koyar da ni, ba zan yi maka rashin kunya ba. Ranar da ya kamata ka yi magana ka yi shiru, na haƙura. Yau ka bar ni in yi tawa. Mutumin da ya riƙe mini tef, ba zan sa hannu a kore shi ba."

Ya gyara hularsa, irin gyaran ranar nan a ofishinsa.

A gidan Hajiya Asta na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kukan haushi. Ta zauna kusa da ni, ta sa aka dama mini kunu. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Jami'in bakin kogi ba ya nan ranar, na ji daɗin haka. Hajiya Dudu da ta ji labari a Garwa ta tafa hannu ta ce, "Kin ɓata mini humra a banza."

Maƙalar ta fito, babu ni a sama babu ni a ƙasa. Ƙarin girma ya wuce ni a wannan zagayen. Farfesa yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Malam Sabo kuwa duk sanda na shiga laburare sai ya juyo mini da kwamfutarsa ya nuna mini yadda ambaton maƙalar yake hawa, ya ce, "Dakta, duk wannan da naki ne." Nakan ce masa ya ci gyaɗarsa. Yana yi mini zafi, ƙarya ne in ce ba ya yi. Na fara rubuta tawa, da awon damina da na rani a kan bishiyoyi iri ɗaya, wata mujalla ta riga ta dawo mini da ita, na gyara na aika wa wata. Ban sani ba ko za ta riga jami'an gandun daji isa Kwandiko. Amma in sun riga ta, ba da sunana za su je ba.

Satin da na dawo na tafi Kwandiko da tef ɗina a jaka. Na tarar da Baffa a gindin wani madaci da aka yi wa aski a bazarar da ta wuce, ya fitar da sababbin rassa ta ko'ina. A taswirar Yawunde wurin nan ja ne. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can ko suna da shanu. Sannan ya ce, "To, Dije, an samo sunan?"

Na ce, "An samo, Baffa."

"Madalla. Suka sa shi a takardar?"

"A'a. Na taho da shi gida."

Bai tambayi dalili ba. Ya jingine sandarsa a jikin madacin, ya miƙo hannu ya karɓi bakin tef ɗin, ni kuma na fara zagayawa.